Ƙwan Fitila Mai Fenti da Taransifomar Unguwarmu

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, tunda an ɗauke wuta kuma yau babu inda za mu. Ɗazu ina ji ɗayanku yana cewa wai me ke cikin aikin wuta, ja ka haɗa da ja, baƙi da baƙi, ka naɗe da salatif ka miƙa hannu. Sannu injiniya! In da haka abin yake, ai da duk mai filaya a Samaru ya yi gidan bene. Waya ba ta da wuyar sha'ani, 'yan watanni sun ishe ka sanin halinta. Mutumin da ke zaune a ƙarshen wayar shi ne aikin, kuma ni Tanimu, ga furfura har a gira, ban gama karantarsa ba.

A Sabon Gari na koyi sana'ar nan, a hannun wani mutumin Ibo da ake kira Oga Ejike. A nan Zariya aka haife shi, Hausarsa har da karin magana. Shekarar farko ban taɓa waya mai rai ba. Aikina ɗaukar tsani ne, da miƙe tsofaffin kilif da guduma, da fasa bango da cizal har tafin hannuna ya yi kanta. Testa kuwa, abin gwada wutar nan da kowannenku ke saƙalawa a aljihun gaba don 'yan mata su gani, sai da na sha wuya kafin ya ba ni nawa, shi ma tsohon nasa ne mai fasasshen kai.

Aikin da ba na mantawa shi ne na wani gida a Dogarawa, na wata ma'aikaciyar asibiti. Wayar ɗakin girkinta ce ta narke, muka je sakewa. Oga ya tambaye ta me da me take jonawa. Ta ce, "Haba Oga, ni da nake ni kaɗai? Ƙwan fitila ne 'yan kaɗan, sai fanka, sai rediyo." Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, Allah ya ƙara rufin asiri. Can sai ya dafe ƙirji ya yi ɗan tari, ya ce, "Sista, a taimaka min da ruwan zafi in haɗiyi magani." Ta shige ɗakin kwana. Oga ya zungure ni ya nuna min ƙwan falo da haɓa, na ga haskensa ya ɗan rusuna. Ba mu ji ƙarar ashana ba, ba warin kananzir, sai ga ruwa yana tururi a kofi. Ya kalli farar rigarta da ke rataye, ta sha guga babu ɗigon gawayi ko ɗaya. Ya kurɓi ruwan ya yi godiya, ya raɗa min a kunne, "Je ka sayo waya mai kauri."

A hanyar komawa ya ce min, "Tanimu, kada ka ce ƙarya ta yi, haka kowa yake. Mutum zai gaya maka ciwon da ke cikin wandonsa kafin ya gaya maka abin da yake jonawa a soket. Kada ka taɓa auna waya da bakin mai gida." Maganin da ya ce zai sha kuwa, ko ƙwaya babu a aljihunsa.

Da ya yaye ni, sai na buɗe shago a nan Samaru, a gangaren unguwarmu, farkon shekarun dubu biyu. Ku da kuka taso da mitar kati ba za ku gane zamanin ba. Mita akwai ta a wasu gidaje, amma ta zama ado, gizo-gizo ya yi ɗaki a ciki. Bil na ƙiyasi ake kawowa. Ka kunna, ka biya. Ka kashe, ka biya. Ka yi tafiya Legas ka daɗe, ka dawo ka tarar da shi an tura ta ƙarƙashin ƙofa. To wa zai kashe fitila? Na taɓa cewa da wani mai gidan haya, "Alhaji, rana tsaka fa, ƙwayayen soronka duk suna ci." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ai an riga an caje ni, bar su su ci haƙƙina."

Sai kuma maganar layi. Wuta tana fitowa daga taransifoma ne a layi uku, mu masu aikin muna kiransu ja, rawaya da shuɗi. A lokacin kusan kowane gida ya jawo ukun duka zuwa bangonsa, gurbin fiyus uku, fiyus ɗaya. Inda ka cusa fiyus ɗinka, nan kake shan wuta. In layinka ya yi sanyi, ka zare ka mayar da shi wani gurbin, shi ke nan ka canza layi. Ni kuma don sauƙin aikina sai na kafa wani ɗan katako a ƙofar shago, na jera ƙwan fitila uku, kowanne a kan layinsa, na shafa musu fenti ja da rawaya da shuɗi. Da na ɗaga kai na san layin da ke da ƙarfi da wanda ke numfashi sama-sama.

Ashe ba ni kaɗai ke ɗaga kai ba. Da magariba ta doso, unguwa ke hawa kan wuta gaba ɗaya. Rabin gidajenmu ɗaliban jami'a ne ke haya, kuma ɗalibi bai san kananzir ba tunda ga wutar da ba a aunawa. Wannan ya ɗora wake a rishon lantarki, wake fa, wanda ko a murhu sai an yi haƙuri da shi. Wancan ya tsoma hita a bokiti. Ma'aikata sun dawo suna gugar kayan gobe, fanka na juyawa, talabijin na ihu. Sai ja ya dushe. Sai ka ga mutane suna wucewa ta ƙofar shagona kamar ba ruwansu, su saci kallon katakon nan, su ga rawaya ne ke ƙyalli, kowa ya koma gida da sauri ya canza. Kafin a idar da salla rawaya ya durƙusa, an koma shuɗi. Duk unguwa a ƙafa ɗaya, sauran biyun suna hutu. Taransifoma kuwa an yi ta ne ta ɗauki kaya a ƙafa uku daidai. Ina jin kukanta daga shago, na san ba na lafiya ba ne.

Wata yamma cikin bazara taransifomar ta tashi. Ƙara ɗaya muka ji, hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen mai ya cika unguwa, awaki suka watse. Shekarar nan ita nake kira muguwar shekara. Muka yi wata da watanni a duhu. Mai aikin wuta a unguwar da babu wuta, me zai ci? Na koma gyaran tocila da fitilar caji, har lagwani na sayar, ni da ake kira Injiniya. Ɗalibai suka tattara suka koma Hanwa da wasu unguwanni, Alhajin da ke cin haƙƙinsa da rana tsaka ya koma yana gadin ɗakuna wayam.

Amma wadda ta fi kowa jin jiki ita ce Maman Rifkatu. Mutuniyar Zonkwa ce, mijinta ya rasu yana aikin kiwo a Shika, ya bar ta da yara. Tana da ɗan shago a tsakiyar unguwa da firiza biyu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun zaki mai sanyi, da su take ciyar da gida da biyan makaranta. Mace ce mai kaifin baki, 'yar zumuntar mata a cocinsu, kuma kowa a unguwa, Musulmi da Kirista, ya shaida ba ta ƙarya ko da wasa. A shekarar nan kullum sai ta hau bas zuwa Sabon Gari ta saro ƙanƙara, ta naɗe a buhu da garin katako, kafin ta iso rabi ya zama ruwa yana ɗiga a ƙafar fasinjoji suna zaginta. Har ta kai ta sayar da firiza ɗaya.

Bayan an sha karo-karo da zarya zuwa ofishin 'yan wuta, aka dawo mana da taransifomar, gyararriya ba sabuwa ba. Wanda ya jagoranci ɗaurawa ya faɗa a gaban kowa cewa in ta sake ƙonewa kada mu ma wahalar da takalmanmu. Mutane suna ta guɗa da tafi, ni ina tsaye gefe. Maman Rifkatu ta matso kusa da ni ta ce, "Tanimu, ka ji ni da kyau. In abin nan ya sake tashi, ni ba ni da ƙarfin sake zama. Zan sayar da firizar da ta rage, in cire Rifkatu daga makaranta, in kwashi yara mu koma gida. Kai ne ka san harshensa, sai ka san yadda za ka yi." Ta faɗa ne ba kuka ba roƙo, ta juya ta tafi. Ni kuwa na san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Na je na sami mai unguwa, aka kira taro. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Aka raba unguwa gida uku, 'yan tudu su zauna a ja, 'yan tsakiya a rawaya, mu 'yan gangare a shuɗi, kowa ya zauna inda aka ajiye shi ko da haske ya ragu. Kowa ya ce ya yarda, har da masu rantsuwa. Ba a yi mako ba aka koma gidan jiya. Wata yamma na biyo ta ƙofar mai unguwa, sai ga shi da kansa a kan turmi, babbar riga a naɗe a kafaɗa, fiyus a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da aiki." Ya ce, "A'a, Tanimu! Dubawa nake ko ya zauna daidai." Na ce Allah ya taimaka, na wuce ina cizon leɓe.

Na yi tunanin in bi gida-gida in cire gurbi biyu in bar wa kowa ɗaya. Amma wa zai bar ka? Ko ka cire, ɗalibin da ya karanta aji ɗaya na kimiyya zai ɗauko guntun waya ya haɗa, ka tashi da gobara a maimakon duhu. Taransifoma kuwa ta fara irin kukan nan nata na da.

Ana cikin haka wani kwastomana, Malam Bulus, ya kawo min sitabilaizarsa da ta ƙone. Malamin tattalin arziki ne a jami'a, mutum mai son hira. Ina kwance ta ina yi masa ƙorafin mutanen unguwa, na ce ba su da kunne. Ya ce, "Injiniya, kunne suna da shi, ka daina wahalar da bakinka. Mutum ba ya jin wa'azi a kan abin da ba a auna masa. Da a ce mita na aiki, kuma wutar magariba ta fi ta hantsi tsada, da ka ga ɗalibai suna dafa wakensu tun da rana ba wanda ya roƙe su. Farashi ne ke gaya wa mutum ya matsa ko ya tsaya. Tunda a nan babu shi, sai ka tambayi kanka, me suke kallo kafin su motsa?" Bai rufe baki ba wani mutum ya tsaya a kan keke a ƙofar shago, ko sallama babu, ya ɗaga kai ya dubi katakon nan nawa, ya juya kekensa ya koma. Na kalli Malam Bulus, ya kalle ni. Ya fashe da dariya ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Washegari na hau bas sai shagon Oga Ejike. Na ce ya ba ni ƙwan fitila mai wat ɗari guda uku, sauran kuma masu arba'in. Ya ce me zan yi da su? Da na gaya masa sai da ya zauna a kan kwalin waya saboda dariya. Ya ce, "Kai ɗan banza ne, Tanimu, amma ni na koya maka. Ka shafa fentin da kauri a daidai rubutun."

Na dawo na yi katako uku iri ɗaya. Na je wa mai unguwa da ladabi na ce, ranka ya daɗe, tunda mutane ba za su bar canza layi ba, bai kamata tsofaffi su riƙa gangarowa har shagona don duba fitila ba. Zan kafa ɗaya a tudu a shagon Ɗanlami mai aski, ɗaya a tsakiya a shagon Maman Rifkatu, ɗaya a nawa, duk sadaka. Ya sa min albarka har da ɗaga hannu biyu. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a katakon tudu jan ƙwai ne mai ɗari, a na tsakiya rawaya ne, a nawa shuɗi, sauran duk masu arba'in. In layi ya mutu gaba ɗaya, ƙwansa zai mutu, kowa ya gani ya kauce, wannan ban taɓa ba. Amma muddin ukun suna da rai, ɗan tudu duk lokacin da ya ɗaga kai ja zai gani yana ƙyalli, ɗan tsakiya rawaya, ɗan gangare shuɗi.

Tsorona ɗaya, kada su haɗa baki su gano. Ashe ban san mutanena ba. Kwana kaɗan da kafawa wani maƙwabcina ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Injiniya, don Allah kada ka gaya wa 'yan tudu, shuɗi ne mai kyau yanzu. In suka ji za su zo su danne mana." Na ce bakina a ɗinke yake. A ranar da yamma na hau tudu gyaran fanka, mai gidan ya rufe ƙofa tukuna sannan ya ce, "Ja fa ya gyaru, amma ka riƙe a cikinka, ka san halin 'yan gangare." Na ce ai amana ce. Kowane ɓangare ya zauna a kan layinsa yana ganin ya yi wa sauran wayo. Abin da rantsuwa ta kasa, rowa ta yi shi cikin ruwan sanyi.

Da kaya ya rabu a ƙafa uku, sai hasken ya gyaru da gaske a kowane layi. Kukan taransifoma ya koma ɗan gurnani mai daɗin ji. Ɗalibai suka dawo da wakensu, ƙanƙarar Maman Rifkatu ta koma kamawa. Ni kuwa nakan zaga lokaci-lokaci in ce ina goge ƙura, in sake ƙwan da ya kusa mutuwa, don mai ɗari in ya sha fenti zafi ke saurin kashe shi.

Sai da bazara ta zagayo aka samu matsala. Na tafi wani aiki a Shika na kwana biyu, jan ƙwan shagon Ɗanlami ya mutu. Ɗanlami kuwa mutum ne da ba ya ganin rami bai zura kara ba, ga surutu, ga son a ce shi ya fara sani. Maimakon ya jira ni, sai ya hau kujerar aski ya kwance ƙwan, ya sa aska ya kankare fentin don ya ga irin wanda zai sayo. Ya ga ɗari. Ya kankare gefen sauran biyun, ya ga arba'in. Nan take ya zare fiyus ɗinsa ya mayar kan rawaya don haushi, ya jefa jan ƙwan a aljihu. Bai nuna wa kowa rubutun ba, so yake ya nuna a bainar jama'a ya sha tafi. Ya bi gari yana cewa yana da maganar da za ta girgiza unguwa, kowa ya hallara ƙofar mai unguwa bayan la'asar.

Ina sauka daga mota da jakar kayan aiki aka ce ana nemana. Na tarar da taro ya cika, maza a tabarma, mata a tsaye daga baya. Ɗanlami ya miƙe ya gyara hula. Ya ce, "Jama'a, shekara guda ana kiwonmu kamar tumaki! Wannan mutumin da muke kira Injiniya ya raina mana hankali. Ƙwayayen nan ba ɗaya ba ne, shi ke zaɓa mana layin da za mu hau!" Wuri ya ɗauki guna-guni. Ba zagi nake tsoro ba, wannan na saba. Na san in suka yarda da shi, a yau za a tumɓuke katakon nan, a yau kowa zai koma bin layi ɗaya, ga zafi ana ta kunna fanka da firiji, ga magariba na tahowa. Taransifomar nan mai ɗinki ba za ta kai damina ba.

Mai unguwa ya ce a yi shiru, magana sai da shaida. Ya nuna wani ɗan tudu ya ce, "Kai, a wajenku wane layi ne ya fi haske?" Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "To, ranka ya daɗe, ya danganta." Ya nuna maƙwabcina na gangare. Ya ce, "Ni iyali ke canzawa, ban cika lura ba." Aka tambayi na uku, ya ce shi idonsa ba ya bambance launi. Kowa na tsoron ya ambaci layinsa a zo a danne masa. Ɗanlami ya fusata, ya zaro ƙwan daga aljihu ya ɗaga sama ya ce, "To ga shaidar da ba ta sosa ƙeya! A karanta abin da ke rubuce a kansa!"

Ya miƙa wa mai unguwa. Tsoho ya kai shi kusa da hanci, ya kai shi nesa, ya ce bai fito da tabarau ba. Sai muka ji murya daga baya, "Ranka ya daɗe, a kawo in karanta muku, idona ras yake." Maman Rifkatu ce, ta ratso mutane, kular ƙanƙara a gefenta, hannayenta sharkaf da ruwa. Ɗanlami har da murmushi, ya ce, "Yauwa! A ba ta, ita kowa ya san ba ta ƙarya." Ta karɓa da yatsu biyu, ta ɗaga shi wajen haske, ta ƙanƙance ido. Sai ji muka yi tas! a kan dakalin siminti.

Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni 'yasu! Hannun mai ƙanƙara, ba ya riƙe abin arziki! Ɗanlami, ka yafe ni ɗana." Ɗanlami ya durƙusa yana tsintar ɓaraguzai, babu wanda ya kai farce girma. Ya ɗago yana ihu, "Da gangan ne! Wallahi da gangan ne!" Ta ce, "Kada ka ce na ci haƙƙinka, ga wani." Ta sa hannu a ƙullin zaninta ta zaro ƙwan fitila sabo, jajawur. Ya fizge ya ce, "A ina kika samu mai fenti a shirye?" Ta ce, "Mace mai firiza tana zama ba shiri ne?" Ya zaro aska nan take ya kankare kan ƙwan, ya juya nan, ya juya can. Babu rubutu ko ɗigo, an goge shi tas tun kafin a shafa jan. Dariya ta ɓarke, har mai unguwa yana share hawaye da bakin rawani. Wani ya ce wanzami dai ba ya son jarfa. Kafin Ɗanlami ya ce a je a kankare na sauran shaguna, taro ya fara zarewa, kowa na sauri ya koma gida kada wani ya riga shi hawa layinsa na sirri.

Mai unguwa ya miƙo min ƙwan ya ce in je in ɗaura a wuce wurin. Da na riƙe shi na san nauyin mai ɗari ne, na kuma ga jan ba fentina ba ne, jan farce ne na 'yan mata. Na bi Maman Rifkatu na rage murya na ce, "Mama, tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Ni da nake taka unguwar nan daga tudu har gangare kullum ina kai wa masu fura ƙanƙara? A makon farko na gani. Kai kaɗai Allah ya ba ido?"

Na ce, "Amma ba ki taɓa ce min komai ba."

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ni dai ban yi ƙarya a gaban mutane ba, kai shaida ne."

Na ce, "Hannun fa, da gaske santsi ya yi?"

Ta ce, "Sai ka tambayi hannun. Wuce ka ɗaura abin nan kafin rana ta faɗi, na zuba ruwa a firiza."

Na saɓi tsani na hau tudu da sassarfa. Ɗanlami na tsaye a ƙofar shago ya harɗe hannu, bai amsa sallamata ba. Na ɗaura ƙwan, na shafa fenti a kan sauran biyun inda ya kankare, ja ya haska fuskarsa da ke murtuke. Na sauko na kama hanya. Kafin in sha kwana na waiwaya, sai ga Ɗanlami a kan kujerar aski, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya ɗaga kai ya ƙara duban katakon, ya zare fiyus ɗinsa daga rawaya ya cusa a ja. Shi da ya karanta rubutun da idonsa!

Da na iso tsakiyar unguwa an fara kiran magariba. Firizar Maman Rifkatu na gurnani, ita kuma tana ƙulla zoɓo a leda kamar ba abin da ya faru. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ya koma?" Na ce ya koma. Ta ce, "To matsa min daga haske, ina da aiki."

Kuna tambaya ko ta koma Zonkwa? Zoɓon da kuka shanye min ɗazu ko kurɓi ba ku rage ba, a ina kuke zaton aka sayo shi?